Kumburin ƙwaƙwalwa ne ke cinye tunanin mahaifina? Maganin kumburi zai taimaka masa?

Tambaya daga wata baiwar Allah a Garwa: "Assalamu alaikum Likita. Mahaifina ya haura shekara 70. Mantuwa ta yi masa yawa, har hanyar masallacin unguwarmu takan ɓace masa. A asibiti aka ce mana cutar Alzheimer ce. Na ji ana cewa kumburi ne a cikin ƙwaƙwalwa yake kashe jijiyoyin. Ta yaya hakan ke faruwa? Idan na riƙa ba shi diklofenak ko deksa, abin zai ragu? Sannan tun da ya yi wani zazzaɓi da damina ruɗewar ta ƙaru sosai."

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Baba sauƙi, ya biya ki ɗawainiyar da kike yi da shi. Zan fara da abin da ba ya jira: kada ki ba shi diklofenak, kada ki ba shi deksa. Maganar kumburin da kika ji gaskiya ce, amma an gwada dangin waɗannan magunguna a kan masu wannan cuta, ba su rage ta ba, kuma illar da suke yi wa tsoho sananniya ce. Dalilin zai fito fili idan kika fahimci irin kumburin da ake nufi.

Mu mutanen wannan yanki, daga Marwa zuwa Garwa har Njamena, mun san kumburin da ke kama kai farat ɗaya, wato sanƙarau: zazzaɓi mai zafi, wuya ya sandare, cikin kwana ɗaya ko biyu mutum ya fita hayyacinsa. Kafin allurar MenAfriVac ta iso Cadi da arewacin Kamaru a 2011, kusan kowane gida yana da labarinsa. Abin da ke kan Baba ba wannan ba ne. Nasa kumburin a ɓoye yake, ba zazzaɓi, ba ciwon kai, kuma hoton sikana na yau da kullum ba ya nuna shi. Abin da hoton kan nuna shi ne ƙwaƙwalwar ta motse, wato sawun ɓarnar da aka daɗe ana yi. A hankali yake aiki, shekara da shekaru.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, su ne ke aika wa juna saƙo har a samu tunani da magana da motsi. Amma ba su kaɗai ba ne a ciki. Akwai wasu ƙwayoyin halitta masu yawa kusan kamarsu da ke yi musu hidima, kuma biyu daga cikinsu ne maganarmu ta shafa. Na farko ana kiransu maikrogiliya. Su ne garkuwar jiki ta cikin ƙwaƙwalwa, kusan kashi 10 cikin 100 na ƙwayoyin da ke wurin. Wani masani ɗan ƙasar Sifaniya, Pío del Río-Hortega, shi ya fara bayyana su a 1919. An daɗe ana zaton a kwance suke sai an samu rauni, sai a 2005 aka ɗauki hotonsu a ƙwaƙwalwar ɓera mai rai, aka ga ƙananan rassansu ba sa daina motsi, suna laluben kewayensu dare da rana. In suka ci karo da matacciyar ƙwaya ko tarkace ko ƙwayar cuta, sai su haɗiye ta. Na biyu su ne astrosait, masu siffar tauraro. Su ke ciyar da jijiyoyi, su kwashe sinadaran da suka yi yawa a tsakaninsu, su kuma taimaka wajen tsare shingen da ke raba jini da ƙwaƙwalwa.

A cutar Alzheimer wasu furotin guda biyu ne ke lalacewa su taru. Ɗaya amiloyid, yana dunƙulewa a tsakanin jijiyoyi. Ɗayan tau, yana cukurkuɗewa a cikin jijiyar kanta. Likitan nan Bajamushe, Alois Alzheimer, ya ga duka biyun a ƙwaƙwalwar wata mata da ya duba, ya gabatar da bayanin a 1906. A cutar Parkinson, mai sa karkarwar hannu da jan ƙafa da nauyin jiki, furotin ɗin daban ne, alfa-sinukilin, kuma jijiyoyin da ke mutuwa su ne masu samar da sinadarin dofamin. Amiloyid kan fara taruwa shekara 15 zuwa 20 kafin iyali su lura da mantuwa. Duk tsawon wannan lokaci maikrogiliya suna kansa.

Da farko alheri suke yi. Sukan kewaye dunƙulen amiloyid, su matse shi wuri guda, su cinye abin da za su iya. Matsalar ita ce abin ba ya ƙarewa. Ƙurji yakan fashe ya warke, garkuwar jiki ta koma ta huta. Amiloyid kuwa kullum ƙaruwa yake, saboda haka maikrogiliya ba sa samun ranar sauka. Kamar wutar da manomi ke sa wa karan gonarsa ne: in ta ci kara ta mutu, ta yi masa aiki, in kuwa iskar hunturu ta hana ta mutuwa, har rumbu sai ta ci.

Idan maikrogiliya suka daɗe a fusace, sukan yi ta zubar da sinadaran kiran taimako da ake kira saitokin, manyansu TNF da IL-1 da IL-6. Su ne dai sinadaran da ke sa ki ji kasala da rashin son abinci in kina zazzaɓi. Na kwana uku ba laifi. Na shekaru kuwa, sukan raunana hanyar da jijiyoyi ke ƙulla sabon abin tunawa, musamman a sashen da ke riƙe abin da ya faru kwanan nan. A cikin maikrogiliya akwai wani tarin furotin mai suna NLRP3, wanda amiloyid ke tayarwa, shi kuma ya saki IL-1. A 2013 masu bincike a Jamus suka nuna cewa ɓerayen da aka cire musu NLRP3 ba su tara amiloyid da yawa ba, kuma ba su yi mantuwa kamar sauran ba. Wani bincike da ya biyo baya ya nuna wannan hanyar tana ƙara lalata tau ma. Kin ga ke nan furotin ya tayar da kumburi, kumburi ya ƙara ɓata furotin.

Sai makamin da aka tanada don kashe ƙwayoyin cuta. Maikrogiliya na fesa wasu sinadarai masu ƙuna da ake samu daga iskar oksijin da naitirojin. Ga ƙwayar cuta wannan hallaka ce, to amma a nan babu ƙwayar cuta, jijiyar da ke kusa ce ke shan shi. Ƙwaƙwalwa kuma ba ta da juriyar wannan: nauyinta kusan kashi 2 cikin 100 ne na jiki, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na oksijin ɗin da jiki ke amfani da shi, kuma cike take da kitse mai saurin lalacewa. Sinadaran nan na huda fatar jijiya, su ɓata ƙananan sassan da ke samar mata da ƙarfi. Jijiyar da ƙarfinta ya ragu ba ta iya share nata dattin, sai ta ƙara tara lalataccen furotin. Jijiyoyin dofamin sun fi kowa shan wahalar wannan, shi ya sa maganar ke da nauyi a cutar Parkinson.

Hanyar da na fi son ki riƙe ita ce ta mahaɗun jijiyoyi, domin ita ta fi bayyana abin da kike gani a gida. Jijiya ba ta manne da 'yar'uwarta, akwai ɗan gurbi a tsakaninsu inda saƙo ke tsallakawa, kuma jijiya ɗaya tana da dubban irin waɗannan mahaɗai. A nan ake ajiye abin da mutum ya sani: sunan jikarsa, hanyar masallaci, lissafin kuɗin kasuwa. Yaro ƙarami yana da mahaɗai fiye da buƙatarsa, sai jiki ya sa wa marasa amfani alama da wasu furotin na garkuwa, C1q da C3, maikrogiliya su zo su cinye su. Tsari ne mai kyau na ƙuruciya. A 2016 wani bincike a Amurka, ƙarƙashin Beth Stevens, ya nuna cewa a ɓerayen da ke da alamun Alzheimer wannan tsari yana sake farkawa, ana sa wa mahaɗai alama ana cinye su tun kafin dunƙulen amiloyid ya bayyana, kuma da aka toshe C1q mahaɗan sun tsira. Tun da daɗewa likitoci sun san cewa tsananin mantuwar mutum ya fi tafiya da yawan mahaɗan da ya rasa, ba da yawan amiloyid ɗin da ke kansa ba. Saboda haka jijiya tana iya zama da rai amma ta yanke da 'yan'uwanta. Wannan ne ya sa Baba zai iya kawo miki labarin ƙuruciyarsa tiryan-tiryan, wanda ya daɗe da kafuwa, amma ya manta ya ci tuwo ɗazu.

Astrosait ma ba sa tsira. Sinadaran da maikrogiliya ke zubarwa na juya su, su bar hidima, har su fara fitar da abin da ke kashe jijiya. Babban aikinsu da ke tsayawa shi ne kwashe gulutamet, sinadarin da jijiyoyi ke zaburar da juna da shi. In ya taru, jijiya ta yi ta harbawa ba hutu, sinadarin kalsiyam ya cika ta, ta mutu. Maganin memantin da ake ba wasu masu Alzheimer wannan zaburarwar yake ragewa. Shingen jini kuma yakan fara yoyo, abubuwan da bai kamata su shigo daga jini ba su shigo, su ƙara tunzura maikrogiliya. Kowace jijiya da ta mutu tana zubar da abin cikinta, wannan kuma sabon kira ne gare su.

Akwai wani labari da ya nuna yadda abin ke ci gaba da kansa. A 1982, a jihar Kalifoniya ta Amurka, wasu matasa sun yi wa kansu allurar ƙwaya da ta gurɓata da wata guba mai suna MPTP. Cikin 'yan kwanaki suka sandare kamar tsofaffin masu Parkinson. Gubar ba ta daɗewa a jiki. Amma da aka duba ƙwaƙwalwar uku daga cikinsu bayan rasuwarsu, shekara 3 zuwa 16 da faruwar abin, sai aka tarar har lokacin maikrogiliya na kewaye da jijiyoyi, jijiyoyin kuma na ci gaba da mutuwa. Abin da ya tayar da rikicin ya tafi tuntuni, rikicin bai tsaya ba. Haka ma cutar ƙanjamau, wadda muka fi sani a nan: ƙwayar cutar ba jijiya take kamawa ba, maikrogiliya da danginsu take shiga, su kuma su cutar da jijiyoyi. Da magungunan rage kaifinta suka wadata, mummunar ruɗewar da take jawowa ta ragu ƙwarai.

An daɗe ana gardama ko kumburin sanadi ne ko kuwa sakamako kawai. Abin da ya karkato da ra'ayin masana da yawa shi ne binciken gado. A 2013 aka gano cewa wani ɗan sauyi a ƙwayar gado mai suna TREM2 yana ninka haɗarin kamuwa da Alzheimer kusan sau uku, kuma a cikin ƙwaƙwalwa maikrogiliya ne ke aiki da ita. Wasu ƙwayoyin gado da dama da aka danganta da cutar, irin su CD33 da CR1, su ma na garkuwar jiki ne. Mutum da gadonsa ake haihuwarsa, tun kafin cuta, don haka ba za a ce cutar ce ta kawo shi ba. Sai dai ki lura da wani abu: wannan sauyi na TREM2 raunana maikrogiliya yake yi, su kasa kewaye amiloyid yadda ya kamata. Ashe ba yawan aikinsu kaɗai ne matsala ba, gazawarsu a aikin da ya dace ma matsala ce. A ganina, a yawancin masu cutar kumburi ba shi ke fara ɓarnar ba, amma yana da babban hannu a saurin tafiyarta.

Daga nan za ki gane abin da ya sa ƙwayar kashe kumburi ba ta yi. An taɓa sa rai da ita, domin an lura masu ciwon gaɓɓai da suka daɗe suna shan irin waɗannan magunguna kamar ba su cika kamuwa da Alzheimer ba. Sai aka gwada. A Amurka an ba tsofaffi sama da 2,000 naproksen ko selekoksib ko ƙwayar da ba magani a cikinta, aka dakatar da gwajin a ƙarshen 2004 saboda fargabar illa ga zuciya, kuma bibiyar da aka yi bayan haka ba ta nuna sun kare kowa ba. An gwada prednizon, ɗan'uwan deksa, a kan masu cutar, sakamakon ya fito a 2000: mantuwa ba ta ragu ba, halayyar wasu ma ta ƙara rikicewa. Waɗannan magunguna hanya ɗaya ko biyu suke toshewa cikin hanyoyi masu yawa, kuma ba sa bambance aikin maikrogiliya mai amfani da mai cutarwa.

Illarsu kuwa ina ganinta a wurin aiki, kuma tana ɓata mini rai, domin da kyakkyawar niyya 'ya'ya ke sayo su wurin masu tallan magani a kasuwa. Diklofenak da ibuprofen na huda ciki su sa zubar jini, su ɗaga hawan jini, su lalata ƙoda, balle ga tsohon da ba ya shan ruwa sosai a zafin Maris da Afrilu na Garwa. Deksa na tayar da suga, ya karya garkuwar jiki, ya lalata ƙashi, ya hana barci, kuma shi kansa yana ruɗar da mutum. In Baba na fama da ciwon jiki, farasitamol bisa ƙa'ida ya fi masa aminci. In kuma an riga an ɗauki makonni ana ba shi deksa, kada a tsayar da shi rana ɗaya, a kai shi likita ya rage masa a hankali, domin yankewa farat ɗaya na da haɗari.

Zazzaɓin damina da kika ambata shi ne wurin da wannan ilimi ya fi yi miki amfani. Maikrogiliyan da suka daɗe a tunzure ba sa buƙatar babban dalili. In cuta ta kama jiki a wani wuri, maleriya ce ko ciwon huhu ko ciwon mafitsara ko ruɓaɓɓen haƙori, saitokin ɗin da ke cikin jini na aika saƙo ƙwaƙwalwa, su kuma su mayar da martani fiye da kima. Wani bincike a Ingila a 2009 ya bi masu Alzheimer na wata shida, ya gano waɗanda suka yi irin waɗannan cututtuka tunaninsu ya ja baya da saurin da ya kai ninki biyu na sauran. Wani ɓangare na ruɗewar kan washe bayan makonni ko watanni, wani kuma ba ya komawa yadda yake. Don haka duk ranar da kika ga Baba ya rikice fiye da jiya, ko barci ya yi masa yawa, ko ya daina gane ku cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a ce tsufa ne ya ƙaru. A kai shi asibiti a ranar, a auna maleriya, a duba fitsari da ƙirji da suga. Tsoho yakan yi cuta mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba. Na san a irin wannan hali wasu kan fara zargin sammu ko iska, har a ɗora wa wani ɗan'uwa laifi. Addu'a kam a yi ta yi, amma kada ta jinkirta gwajin jini.

Za ki iya jin labarin sababbin allurai. Lekanemab, da Amurka ta amince da shi a 2023, yana manne wa amiloyid ne don maikrogiliya su kwashe shi, wato taimaka musu yake yi, ba kashe su ba. Ya rage saurin ja baya da kusan kashi 27 cikin 100 a wata 18, ga masu farkon cuta kawai. Yana da tsada ƙwarai, yana iya sa kumburi ko ɗigon jini a ƙwaƙwalwa, sai an riƙa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa na musamman, wanda ake kira IRM, akai-akai. Ba abin da zan ce ki sayar da kadara a kansa ba ne.

Abin da ke hannunmu ya fi wannan araha. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na masu gigin tsufa a duniya, cutarsu na da alaƙa da abubuwa 14 da ake iya gyarawa, ciki har da hawan jini, ciwon suga, shan taba, ƙiba, raunin ji da na gani, buguwa a kai, gurɓatacciyar iska da zaman kaɗaici. Da yawansu ta hanyar jijiyoyin jini da kumburi suke aiki. Wannan ya fi shafarku ku 'ya'yansa tun yanzu, amma shi ma yana amfana. A riƙa auna masa tansiyo, wato hawan jini, in yana shan maganinsa kada ya yanke. Ya kwana cikin gidan sauro. A miƙa masa ruwa ba sai ya nema ba, domin ƙishirwa ba ta cika damun tsoho ba. A duba haƙoransa da kunnensa da idonsa. A nisanta shi da hayaƙin murhu. A raka shi masallaci da majalisar abokansa maimakon a kulle shi a ɗaki, tafiyar da hirar duk magani ne. Ga 'yan'uwanki masu noman auduga ko masu feshin ciyawa kuma, bincike da dama ya danganta daɗewa ana mu'amala da wasu magungunan feshi, irin su farakwat, da ƙaruwar haɗarin Parkinson. Su rufe hanci da hannu, kada su yi feshi suna fuskantar iska, su yi wanka su sauya tufafi da sun dawo.

In kin koma asibiti, ki tattara duk abin da Baba ke sha a leda ɗaya, har na gargajiya da na masu talla, ki nuna wa likita, domin wasu magungunan barci da na mura na ƙara ruɗewa. Ki tambaya ko an auna masa sinadarin B12, da aikin tayirod, wato sashen wuyan da ke kumbura ya zama maƙoƙo, da tunjere, da ƙanjamau, ki kuma faɗa masa in Baba ya taɓa faɗuwa ya bugi kai a 'yan watannin nan, saboda jinin da ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kai yana kama da wannan cuta kuma ana iya cire shi. Sannan ki nemi ya yi miki bayani ko donefezil ko memantin sun dace da matakin da Baba yake. Ba sa tsayar da cutar, amma wasu marasa lafiya kan samu ɗan sauƙin tunani da natsuwa na wani lokaci da su.